'YA'YANMU DA TSORON KWAMFUTA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na makarantar sakandare ya gabatar a taron iyaye da dattawa na gunduma.

  

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan zarafi. Da sakatare ya kawo mini takarda cewa in yi magana a kan 'ya'yanmu da kwamfuta, na ce masa ni fa ba injiniya ba ne, malamin aji ne. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ni. Don haka abin da zan faɗa yau, rabinsa abin da na gani da idona ne a cikin aji, rabinsa kuma abin da na karanta daga waɗanda suka yi bincike.

Bari in fara da labarin wata yarinya da na koyar. Ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. 'Yar manomi ce daga wata ƙaramar ikkilisiya, irin wadda in an cika mutum arba'in ran Lahadi sai a ce yau an yi taro. Tun daga aji ɗaya ba ta taɓa sauka ƙasa da ta uku ba, burinta kuwa ta zama nas. Ran da ta dawo daga jarrabawar shiga jami'a na tambaye ta yaya aka ƙare, sai hawaye. Ta ce, "Malam, tambayoyin na san su. Ina cikin yi sai hannuna ya taɓa wani abu, wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar. Na zaci na ɓata ta." Na ce, to, me ya hana ki ɗaga hannu ki kira mai sa ido? Ta ce, "Na ji tsoro kada a ce Baba ya biya."

Haka ta naɗe hannu ta zauna, agogo yana tafiya, har sai da wani mai sa ido ya lura da ita. Maɓalli ɗaya ya danna akwatin ya ɓace. Amma lokaci ya riga ya tafi, hankalinta kuma bai sake kwanciya ba. A wannan shekara ba ta sami shiga ba. Ta samu a shekara ta gaba, mun gode wa Allah, sai dai ku iyaye kun fi ni sani: ba kowace yarinya ce a ƙauyukanmu ake ba ta shekara ta biyu ba. Wata kafin damina ta zagayo an karɓi kayan aurenta.

Ga dalilin da ya sa wannan magana ta zama tamu. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta daina ta takarda da fensir gaba ɗaya. Yau duk yaron da yake son shiga jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, sai ya zauna gaban kwamfuta a babban ɗaki mai ɗaukar mutum wajen 250, ya amsa tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Hukumar WAEC ma ta fara tata da kwamfuta a 2024 ga masu rubutawa daga waje. Wanda ya riga ya shiga makaranta bai tsira ba, gama rajista, biyan kuɗi da duba sakamako duk sun koma intanet. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu, ba mu da manyan da za su ɗaga mana waya a sama wa ɗanmu gurbi. Makin da yaron ya ci shi ne mai yi masa magana. In tsoro ya cinye masa maki ashirin ko talatin, ba wanda zai mayar masa.

To, daga ina tsoron yake fitowa? Zan fara da kaina, don kada wani ya ce ina nuna yatsa. Na haura shekara arba'in kafin na zauna gaban kwamfuta. An tura mu wani kwas na mako guda. A rana ta farko na miƙa hannu zan taɓa linzamin, sai mai koyarwar, yaro ne da na isa haifa, ya daka mini tsawa a gaban mutane: kada wanda ya taɓa kome sai an ce ya taɓa! Kunya ta rufe ni. Har aka gama kwas ɗin hannuna yana cikin aljihu, na karɓi takardar shaida na dawo gida ban iya kome ba. Na yi shekaru bayan haka ina kai wa wasu aikina su buga mini, ina biya, ina cewa idona ne ba ya son hasken. Ba idona ba ne. In maciji ya sari mutum, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Abin da ya same ni shi yake samun yaranmu, har ma fiye. A makarantu da yawa ana koyar da kwamfuta a bakin allo. Malam ya zana ta da alli, yara su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawa, ba su taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba. Inda akwai ta kuwa, tana ofishin shugaban makaranta an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya, ko tana ɗakin da aka kulle saboda babu wuta. Abin da yaro ya fi ji game da ita shi ne tsadarta, da gargaɗin kada ya ɓata. Mu ma a gida muna ƙarawa. Uba ya ce, "Ni wannan abu ya fi ƙarfina," yaro yana ji. Ku duba Kubawar Shari'a sura 20 aya 8 in kun koma gida, inda aka umarta a sallami mai jin tsoro daga fagen yaƙi ya koma gida, don kada ya karya zuciyar 'yan'uwansa. Tsoro yana yaɗuwa kamar mura, yara kuma daga manya suke ɗauka.

Ina so mu gane abin da tsoro yake yi wa kan mutum, domin wasu iyaye suna ɗauka yaron da ya rikice daƙiƙi ne. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun nuna cewa abin da mutum zai iya riƙewa a ka a lokaci guda, yana kuma aiki da shi, kaɗan ne. Ku ɗauke shi kamar faifai. Yaron da ya saba da kwamfuta, faifansa duka tambaya ce a kai. Wanda bai saba ba, rabin faifansa ya cika da wasu abubuwa: ina kibiyar ta shiga, in na danna nan me zai faru, ga na kusa da ni har ya yi nisa, ga agogo yana raguwa. Lissafin da ya iya jiya a gida sai ya rasa wurin zama. Mu da muka koyi tuƙin babur mun san wannan. A makon farko in wani ya gaishe ka a hanya ba ka iya amsawa, duk hankalinka yana kan giya da birki. Bayan wata uku kana tuƙi kana hira.

Akwai wani masani mai suna Albert Bandura, haifaffen Kanada, wanda ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya rasu a 2021. A 1977 ya fito da bayani a kan abin da yake sa mutum ya amince a ransa cewa zai iya yin wani aiki. Abin sha'awa, da masu tsananin tsoron maciji ya yi gwajinsa. Wasu an sa su kallo kawai, suna ganin wani yana riƙe macijin. Wasu kuwa an bi da su mataki-mataki tare da mai taimako: su tsaya daga nesa, su matso kusa da kejin, su taɓa da safar hannu, har su riƙe da hannunsu. Masu kallo sun sami sauƙi, amma waɗanda suka yi da hannunsu sun fi su nesa ba kusa ba. Ya ce amincewa da kai tana da mafari huɗu. Mafi ƙarfi shi ne mutum ya yi abu da kansa ya ga ya yi nasara. Sai ganin wani irinka ya yi. Sai ƙarfafawar baki, a ce maka za ka iya. Sai kuma yanayin jiki, wato bugun zuciya da gumin hannu, da yadda mutum yake fassara su. Daga baya wasu masana biyu, Compeau da Higgins, suka auna wannan a kan masu aiki da kwamfuta a 1995, suka ga cewa wanda ya amince zai iya ya fi yawan amfani da ita, tsoronsa kuma ya fi ƙanƙanta.

Da na karanta wannan sai na yi dariya, na ce ai mun daɗe muna koyar da shi a Makarantar Lahadi ba mu lura ba. Ku tuna da 1 Sama'ila sura 17. Da Dauda ya ce zai fita wa Goliyat, Sarki Shawulu ya ce masa shi yaro ne. Da me Dauda ya amsa? Ya ba da labarin zaki da beyar da ya kashe a wurin kiwo, ya ce Ubangijin da ya cece shi daga gare su shi zai cece shi yanzu. Bangaskiyarsa tana da tarihi. Sa'an nan Shawulu ya sa masa kayan yaƙinsa, kwalkwali da sulke da takobi. Kaya masu kyau ne, na sarki. Dauda ya gwada tafiya ya kāsa, ya tuɓe su, dalilin da ya bayar kuwa shi ne bai saba da su ba. Ya ɗauki majajjawarsa da duwatsu biyar, abin da hannunsa ya sani. 'Yan'uwa, ɗanmu ba shi da damar da Dauda ya samu. Ba zai ce a ɗauke kwamfuta a ba shi fensir ba. Dole da kayan Shawulu zai yi yaƙin. Saura mu sa ya saba da su tun kafin ranar.

A nan zan faɗi wata magana, iyayena Fastoci ku yi mini haƙuri. Kowace shekara muna kiran masu jarrabawa gaban majami'a, mu ɗora musu hannu, mu karanta musu 2 Timoti 1:7. Wannan daidai ne, kada mu daina. Amma in a nan muka tsaya, mafari ɗaya cikin huɗu muka ba su, wato ƙarfafawar baki, wadda ba ta daɗewa in babu abin da ya tallafe ta. Yaron zai fita da ƙarfin zuciya ran Lahadi, ran Talata ya zauna gaban abin da bai taɓa taɓawa ba, ya rikice, ya dawo yana zargin kansa da rashin bangaskiya. Na ga yaran da suka daina zuwa sujada saboda kunyar wannan. Laifin kuwa namu ne, mu da muka aike su da gorar da ba a fafe ba.

Sai dai kuma ba kowace irin sabawa ce take kashe tsoro ba. Ni ma ai na yi mako guda a ɗakin kwamfuta, na fito da tsoron da ya fi wanda na shiga da shi. Yaron da aka zaunar sau goma, kowane zama da tsawa da dariyar abokai, ya koyi abu ɗaya ne: shi ba zai iya ba. Sabawar da take amfani ita ce wadda yaro ya tashi daga zaman ya ci wata 'yar nasara. Ran farko ya kunna da kansa, ya rubuta sunansa da na garinsu, ya kashe. Shi ke nan, ya isa. Ran na biyu a sa shi ya yi kuskure da gangan, ya danna abin da bai kamata ba, ya ga akwatin nan ya fito, ya rufe shi da hannunsa, ya ga sama ba ta faɗo ba. Da yarinyar nan ta taɓa ganin wannan sau ɗaya tak, da ba ta rasa shekara ba. Mai koyarwa kuma ya ajiye hannunsa a baya. Wannan shi ne ya fi wuya. Da zarar ka karɓe linzamin ka ce "kawo in nuna maka", ka gaya masa ke nan cewa bai iya ba.

Wani zai ce ai yaran yanzu duk sun iya waya. Wasu sun iya, waya kuma tana taimakawa, ba na musu. Amma shafa fuskar waya da babban yatsa dabam yake da zama a kujera awa biyu ana karanta dogon rubutun Turanci a fuskar kwamfuta. Akwai ma wata cuta ta ɓangare ɗaya: yaron da yake ganin ya gama iyawa saboda yana Facebook, ya shiga da gaggawa, bai karanta umarni ba, ya miƙa aikinsa tun bai gama ba. Shi ma gwaji ne maganinsa, don gwaji yana nuna wa mutum iyakarsa.

Game da 'ya'yanmu mata, iyayena na Zumunta ku saurara. Akwai wani babban gwaji da ake yi wa 'yan makaranta masu shekara kamar 13 zuwa 14 a ƙasashe da dama, ana kiransa ICILS. Nijeriya ba ta ciki, amma abin da aka gani a 2013 da 2018 ya isa darasi: a yawancin ƙasashen 'yan mata sun fi maza cin maki a iya aiki da kwamfuta, amma da aka tambayi kowa ko zai iya ayyuka masu wuya, maza ne suka fi cewa za su iya. A ajina ma haka nake gani. In aka ajiye kwamfuta ɗaya aka ce a zo, maza za su rufe ta, mata su tsaya a baya suna leƙe, daga nan a kira su ɗebo ruwa. In ba a ware musu lokacinsu ba, ba za su taɓa ta ba har a tashi.

Ga wani abu da zai kwantar wa yara hankali, da yawa kuma ba su sani ba. Tun 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta tsara jarrabawarta yadda za a iya yin ta da 'yan maɓallai kaɗan ko ba a taɓa linzami ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don a ci gaba, P don a koma baya, S don a miƙa aiki, R don a janye in an danna S bisa kuskure. A shekarar ce kuma ta fara shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, ga wanda ya nuna yana so a lokacin rajista. Iyaye da yawa suna ƙin ta saboda ƙarin kuɗi da kuɗin mota. Na san halin da ake ciki, amma in da yadda za a yi, a sayar da kaji biyu a biya. Yaron zai ga ɗakin, ya bi layi, ya dangwala yatsa, ya ji yadda zuciyarsa take bugawa, a ranar da makin ba zai cuce shi ba. A kuma riƙa karanta umarnin kowace shekara, gama hukuma takan yi canji.

Kada in bar ku da tunanin cewa duk wanda ya faɗi tsoro ne ya kayar da shi. Wanda bai yi karatu ba, ko a kan kwamfuta aka haife shi zai faɗi. Na'ura ma takan yi laifi. A 2025 JAMB da kanta ta amsa cewa an sami matsala a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, shugabanta ya nemi gafara a bainar jama'a, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Ya kamata yaranmu su san wannan labari, don su gane in abu ya tsaya ba lalle ne su suka ɓata ba, kuma ɗaga hannu a kira mai sa ido haƙƙinsu ne.

Tsoro yana da wata ɓarna da ba mu cika faɗa a majami'a ba. Shi ne yake kai iyaye hannun 'yan damfara masu cewa a kawo kuɗi za su taimaka wa yaro a ɗakin jarrabawa, ko za su ƙara masa maki. Shi ne kuma yake sa yaro ya miƙa takardunsa ga mai shagon intanet ya koma gefe, a rubuta masa suna ba daidai ba, ko a zaɓa masa kwas ɗin da bai nema ba, ya yi ta yawon gyara. Dattawa, in mun hana su hanyar da ba ta da kyau, wajibi ne mu buɗe musu mai kyau.

Ikkilisiya ta taɓa yin irin wannan aiki. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kakanninmu da yawa ba su san baƙi ba. A ƙarƙashin itace da cikin majami'un ciyawa masu bishara suka koya musu karatu, manya da yara a tabarma ɗaya. Waɗansunmu da ke zaune a nan, a irin wannan aji iyayenmu suka fara riƙe fensir.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ƙaramar majalisa ta nemi kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ko biyu, ko da kwance ce, muddin batirinta yana riƙe wuta. Majami'u da yawa yanzu suna da sola saboda lasifika, ita ma za ta yi caji a nan. Akwai manhajojin gwajin jarrabawa da suke aiki ba tare da intanet ba, saboda haka iyayen da suke fargabar yara za su ga abin banza su kwantar da hankali. A ajiye ta a ofishin Fasto, a yi aiki da ita a fili. Masu koyarwa kuwa muna da su: 'ya'yanmu da suka riga suka shiga manyan makarantu, in sun zo hutu. Sun fi ni amfani a wannan aiki, domin in yarinya ta ga yayarta ta gidan maƙwabta, wadda suka yi tallar gyaɗa tare, tana sarrafa kwamfuta, za ta ce ashe ni ma zan iya. A fara da 'yan aji huɗu, kada a jira sai an sayi fom. Rabin awa kowace Asabar har shekara ya fi kwana uku a jere ana gobe jarrabawa. Agogo kuma kada a sa musu shi sai hannu ya saki.

Roƙona na ƙarshe ga dattawa ne. Ran da za a buɗe ajin, ku fara zama. Baba Dattijo ya zauna a gaban yara, ya nemi harafin farko na sunansa ya rasa, a yi dariya tare da shi, ya samu, ya danna. Ni sai da ɗiyata ta zaunar da ni haka, tana cewa "Baba, danna mana, ba za ta fashe ba," kafin hannuna ya fita daga aljihu.

Na zo da tsohuwar kwamfutata, tana kan teburin baya kusa da ƙofa, batirinta zai kai kamar awa biyu. Bayan addu'ar rufewa, kafin a raba abinci, duk wanda bai taɓa taɓawa ba ya zo ya rubuta sunansa. Sakatarorin majalisu kuma ku ba ni adadin 'yan aji huɗu zuwa shida da ke ikkilisiyoyinku, maza dabam mata dabam, kafin ku kama hanya.